Karen Kawu da Ba Ya Haushi

Har yau idan na ji ana tafi a wurin taro, ko da walimar sauka ce, sai tsakar gidan Kawu ta Giza ta faɗo mini a rai, da bishiyar lemun tsami ƙwaya ɗaya da ke tsakiyarta, da wani tsohon kare da ya tsaya ƙyam yana jiran a yaba masa. Matata ta ce in daina ba da wannan labari a gaban baƙi, wai ba girman malamin makaranta ba ne ya zauna yana kewar kare. To, tunda an hana ni faɗa, bari in rubuta.

Mu biyu muke haya a gidan, ni da wani abokin karatuna da muke kira Ustaz. Dukkanmu daga Arewa muka je Alƙahira karatun addini, sai dai shi da gaske ya je, ni kuwa da rabin gaske. Ustaz mutum ne da ko shayi za ka miƙa masa da hagu sai ya ajiye littafi ya yi maka nasiha. Ba shi da mugunta ko kaɗan, tsantseni ne ya yi masa yawa, ni kuma Allah ya ɗora mini son tsokanarsa.

Mai gidan shi ne Kawu, Bahaushen Sudan. Kakanninsa sun taso aikin Hajji a ƙasa, suka yada zango a Sudan, zango ya zama gida. Hausarsa irin ta tsofaffin da ce, sai dai kowace jimla sai ya liƙa mata "ya zol", wato yadda mutanen Sudan ke kiran mutum. Tun yana saurayi ya zo Masar, ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa wani Bature a Zamalek, unguwar ofisoshin jakadanci da manyan gidaje. Da gari ya rikice a 2011, Baturen ya tattara ya hau jirgi, sallamar da aka yi wa Kawu ba ta wuce musabaha a bakin ƙofa ba. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Sudan. Sai ya koma saro jallabiyoyi da darduma da turare a kasuwar Ataba, yana sayar wa ɗalibai masu komawa gida hutu. Kayan yana tara su a wani ɗan ɗaki a ƙarshen tsakar gida.

A watannin rikicin nan 'yan sanda sun ɓace daga tituna, kowa ya zama mai gadin kansa. Kullum sai an kawo labarin an fasa shago a unguwar da ke gaba da mu. Wata rana muna cin wake da gurasa da safe, Kawu ya ce shi kam kare zai samo.

Ustaz ya ajiye lomarsa. Ya ce, "Na gadi ya halatta, Kawu. Na gadi, na farauta, na kiwo. Bayan waɗannan babu. Kuma kada ya kusanci inda muke salla."

"Tamam, na ji, ya Shehu," in ji Kawu. "Na gadi nake so, ba na hira ba."

Tun zamaninsa na Zamalek ya san wani wuri a bayan Giza, can inda benaye ke ƙarewa gonaki da dabino su fara, inda ake tara karnukan da ba su da masu su. Ya ce yanzu wurin ya cika da karnukan Turawan da suka gudu, manya manya, masu asali, kuma kyauta ake bayarwa. Ni ya ja na raka shi, don Ustaz ya ce yana da muraja'a, wato bitar karatu.

Tun daga nesa haushi ya tarye mu. Wata Bamisriya ce ke kula da wurin, dattijuwa siririya mai farin gashi da takalmin roba har gwiwa, kowa Madam yake ce mata. Da ta ji gadi muke nema, sai ta kai mu wurin karnukan gari, irin ja-ja ɗin nan masu tsayayyun kunnuwa da ke yawo a kowane lungu na Alƙahira. Ta ce waɗannan ko ƙuda ya gifta sai sun tada unguwa. Kawu ko kallonsu bai yi ba. Idonsa yana can keji na ƙarshe, inda wani ƙaton karen Jamus, irin na 'yan sanda, baƙin baya da jan ƙirji, yake zaune shiru, duk hayaniyar nan ko a jikinsa.

Madam ta girgiza kai. Ta ce wannan ba na gadi ba ne, karen gasa ne. Ta yi mana bayani cewa akwai taron da ake yi, a jera karnuka, alƙali ya duba tsayuwarsu da tafiyarsu da haƙoransu, a ba wanda ya fi kyau kofi. Wannan ya sha cin kofi a ƙuruciyarsa, har ya tsufa aka ajiye shi, sannan mai shi ya bar ƙasar ya sauke shi a nan. Ta ce an taɓa ɗaukarsa aka dawo da shi, don mutane 'yan kwikwiyo suke so, tsoho ba mai nema.

Duk wannan dogon bayani, abu ɗaya Kawu ya tsinta a ciki: an jera karnuka, wannan ya yi na ɗaya. Ya juyo ya ce mini da Hausa, "Ka ji ko? Zakara ne. In ba jarumi ba wa zai ci gasa a cikin karnuka?" Da ya tambayi inda karen ya zauna a da, Madam ta ce Zamalek. Kawu ya ce khalas, wato shi ke nan, shi wannan yake so.

Ta yarda da sharaɗi ɗaya. Za ta riƙa zuwa dubawa ba tare da sanarwa ba, in ta tarar ba ya cikin hali mai kyau, za ta ɗauke shi. Sunansa na takarda dogo ne, na Turawa, har da na uba da na kaka, mu da ko sunan kakan kakanmu ba mu riƙe ba. Kawu ya ce ba zai iya ba, Basha zai riƙa ce masa, yadda Misrawa ke kiran babban mutum.

Babu mikrobas ɗin da ya yarda ya ɗauke mu, wato ƙananan bas ɗin haya na can. Wani direba ma har ya leƙo ya ce ko dai mu ko Basha, kuma in za a bi ta tasa Basha ya fi mu kama da mai biyan kuɗin mota. A ƙarshe a bayan motar wani manomi mai kai ciyawa gari muka dawo. Da muka shigo gida, Ustaz ya tattare jallabiyarsa har gwiwa, ya manne da bango, yana ta a'uziyya.

Daga nan Kawu ya fara horo irin wanda ya gada. Kowa a cikinmu ya san shi, don haka ake yi a garuruwanmu: karen gadi a kulle shi da rana a wuri mai duhu, kada ya ga mutane balle ya saba da su, kada a shafa shi, kada a yi masa wasa, sai gari ya yi shiru a sake shi. Wai ta haka zuciyarsa ke ƙeƙashewa. Kawu ya share wani tsohon ɗakin gawayi kusa da ɗakin kaya, ya zuba Basha a ciki, ya ja ƙofa. Abinci kuwa ragowar asida, tuwon mutanen Sudan, da ɗan romo.

Aka kwana biyu ba mu ji ko "wau" ba. Kawu ya ce bari a gwada shi. Akwai wani mai sayen tsofaffin kaya da ke wucewa da amalanke da hantsi yana kwarara kira. Kawu ya shirya da shi ya faɗo gidan ba sallama, ya nufi ɗakin kaya kamar ɓarawo, ya yi masa alkawarin igiyar karen tana hannunsa. Mutumin ya shigo. Kawu ya buɗe ɗakin gawayi.

Wayyo, ina ma kuna wurin! Basha ya fito yana ƙifta ido saboda haske. Da ya ga baƙo, sai ya miƙe wuya, ya tafi wurinsa da wani irin sassarfa mai yanga, ya tsaya a gabansa, ya ja ƙafar baya ɗaya can baya, ya ɗaga kai, ya daskare. Ko wutsiya ba ta motsi. Mutumin ya daskare don tsoro, kare ya daskare don aiki, Kawu ya daskare da igiya a hannu. Da mutumin ya ɗan miƙa hannu don ya kare kansa, sai Basha ya ɗage leɓe a hankali, ba gurnani ba komai, yana nuna masa haƙora a duba.

Mai amalanke ya tafa hannu don mamaki, yadda Misrawa ke yi, ya ce, "La haula wa la ƙuwwata! Wannan kare ne ko hafsan soja?" Ana yin tafin nan wutsiyar Basha ta kaɗa, karo na farko tun zuwansa. Na gani da idona, amma dariya ta hana ni tunani, ina durƙushe ina riƙe da ciki. Kawu ya sha kunu, ya ce kullen ne bai isa ba. Ya mayar da shi ɗaki, har ya toshe 'yar tagar ɗakin da tsumma.

Daga ranar Basha ya daina cin abinci. A sa kwano da safe, a ɗauke da yamma ƙudaje ne kawai suka taɓa. Aka canza asida zuwa shinkafa, aka sa ƙashi, aka sa kan kaza, duk a banza. Gashinsa ya fara zuba, haƙarƙarinsa suka fito. In aka sake shi ma ba ya zagaye gida, sai ya je bakin ƙofar Kawu ya kwanta.

Ustaz ya ga lokacin magana ya yi. Ya ce, "Kawu, hujjar ajiye shi gadi ce. Ba ya gadi, hujja ta faɗi. A mayar musu da abinsu."

Kawu ya ce gaskiya ne, ranar Juma'a zai mayar. Juma'a ta zo ya ce ƙafarsa na ciwo. Wata Juma'ar ya ce ba mota. Wata rana na dawo daga darasi da la'asar, na tarar da shi zaune a kan bokiti a bakin ɗakin gawayi, ƙofa a rufe, yana magana ƙasa-ƙasa. Yana ba karen labarin titunan Zamalek ne, wane titi ne ke da inuwa, a wace kwana ake sayar da furanni. Da ya gan ni bai ji kunya ba. Ya ce, "Ƙila ma na sha wuce shi a hanya, ya zol. Ina gaba ina tuƙi, shi yana bayan wata motar. Unguwa ɗaya muka yi aiki."

Ana cikin haka Madam ta faɗo, da rana tsaka, da takalminta na roba. Ta tambayi ina kare, aka nuna mata ƙofa. Da ta buɗe ta ga abin da ke ciki, sai fuskarta ta yi ja. Kai, na sha jin faɗan Misrawa a mikrobas da kasuwa, amma ban taɓa jin irin na ranar ba. Ta wanke Kawu tas, ta juyo kaina ta ce ni kuma da nake karatu me nake karantawa. Ustaz yana jin haka ya ja tagarsa ya rufe. Ta ciro igiya daga jaka ta ce khalas, yau zai koma.

Kawu, dattijon da bai taɓa barin mai kayan miya ya fi shi baki ba, ya tsaya tsuru-tsuru. Ya ce, "Madam, wallahi ba mugunta ba ce. Haka muka ga iyayenmu na yi."

"Iyayenku wannan karen suka riƙe?" in ji ta. "Wannan tun yana ɗan kwikwiyo kallonsa ake yi. A taje shi, a zagaya da shi, a duba shi, a tafa masa, sannan ya ci abinci. Abin da ya sani ke nan a duniya. Kun sa shi a duhu, ya ɗauka laifi ya yi."

Sai ta nuna mana, ina jin don ta ƙara ƙona mana rai ne. Ta fito da buroshi ta taje shi tun daga wuya har wutsiya. Ta saƙala masa wata siririyar igiya can sama kusa da kunnuwa, ta ɗaga hannu, ta ce yalla, wato mu je. Karen da ko tashi ba ya son yi, sai ga shi yana zagaya bishiyar lemun tsami da sassarfar nan tasa, yana tangaɗi don yunwa amma kai a sama. Ta tsayar da shi, ta sa tafin hannu a ƙarƙashin haɓarsa, ya ja ƙafa baya ya daskare. Ta shafa bayansa, ta duba haƙora, ta ja da baya ta tafa. Ta harare mu, mu ma muka tafa. Ta tura masa kwanon shinkafar da ya ƙi tun safe, ya sa kai ya cinye har yana lasar gefe.

Ta kama igiya za ta fita da shi. Kawu ya sha gabanta, ya ce, "Madam, don Allah kar ki mayar da shi. An ajiye shi sau ɗaya, an dawo da shi sau ɗaya, ya isa haka. Ni na san yadda ake ji in an gama da mutum." Sai Madam ta miƙa masa igiyar da buroshin, ta ce za ta dawo, in ta ga haƙarƙari ɗaya a waje ba za ta saurari kowa ba.

Haka aka buɗe gasar karnuka ta gidanmu, mai ɗan takara ɗaya, kuma kullum shi ke ci. Bayan sallar la'asar Kawu zai ɗaure jallabiya a ƙugu, ya taje Basha, ya zagaya bishiya da shi yana haki, silifas na faɗuwa. Ni ne alƙali, ni ne 'yan kallo. Ba a jima ba matan benen da ke bayanmu suka gano, suka riƙa fitowa baranda da kofunan shayi, in Basha ya tsaya su tafa, wata ma har guɗa take yi. Gashinsa ya dawo yana sheƙi. Madam ta zo ta gani, ta sha shayi da na'ana'a, daga baya zuwan nata ya koma na zumunci. Gadi kuwa, Kawu ya sayo ƙaton kwaɗo a Ataba ya sa wa ɗakin kaya, magana ta ƙare.

Waɗannan su ne shekarun da na fi kewa a duk zamana na Masar. Gari yana ta hargitsi, yau zanga-zanga, gobe dokar hana fita, iyayenmu suna ta bugo waya a tsorace, amma a tsakar gidan nan la'asar ba ta canzawa. Ina tuna sanyin hunturu, mu zauna kusa da gawayi, Kawu yana dafa shayi mai kauri yana ba mu labarin ƙauyensu a bakin kogi, Basha ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa. Ina tuna ƙanshin furen lemun tsami yana haɗuwa da na turaren ɗakin kaya. A da Kawu in ya dawo daga Ataba sai ya shige ɗaki ya kwanta da rediyo. Yanzu tun daga bakin titi ake jin muryarsa yana cewa a faɗa wa Basha ya iso.

Ustaz dai bai sauka daga kan bakansa ba. Ko sau ɗaya bai tafa ba. In jelar karen ta goga gefen rigarsa, sai ya tuɓe ya wanke. Nakan ce masa, "Haba Ustaz, mu fa Malikawa ne, a wurinmu dabba mai rai ba najasa ba ce. Yaushe ka koma Bashafi'e ba ka gaya mana ba?" Ya ce fita daga saɓani ya fi, kuma har yanzu ba wanda ya kawo masa hujjar ajiye karen da aikinsa tsayuwa. Amma na lura duk walimar ɗalibai da ya je, sai ya dawo da ƙasusuwa a ƙunshe cikin jarida, ya ajiye a gindin bishiya ya wuce. Da na yi masa magana ya ɗaure fuska ya ce almubazzaranci haramun ne, in daina neman fitina.

A farkon 2015 Kawu ya faɗi a bakin famfo yana alwala. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi kwanaki a asibiti, aka dawo da shi a kujera, baki ya ɗan karkace amma hankali garau. 'Yarsa ta zo daga Sudan don ta tafi da shi, mace mai haƙuri, ta bar yara ƙanana a can. Kawu ya ce ba inda za shi sai ya san inda Basha zai zauna.

Aka kira Madam. Ta ce za ta karɓe shi, amma gaskiya keji ne, wurin ya cika maƙil, ba mai lokacin zagayawa da shi kullum, kuma a shekarunsa ba wanda zai sake ɗauka. Ba ta ɓoye mana ba, ta ce ba zai daɗe a can ba. Ni ne nake yi masa zagayen tun faɗuwar Kawu, to amma na gama karatu, takardar izinin zamana ta kusa ƙarewa, gida ana jirana. Na bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji kare ne sai ya yi dariya ya ce in gaishe shi. Maƙwabta masu tafi daga baranda kuwa, tafin suke so, ba karen ba.

'Yar ta durƙusa a gaban kujerarsa tana kuka. Ta ce, "Baba, saboda kare za ka ƙi bin 'yarka? Wa zai juya ka, wa zai yi maka wanka a nan?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, uwata. Ni aka yi wa musabaha a bakin ƙofa aka tafi. Ba zan yi wa wani ba."

Ranar na ji haushin kowa. Na ji haushin Kawu da taurin kansa, na ji haushin Baturen da ban taɓa gani ba, na ji haushin Basha da ke kwance yana kallonmu bai san shi ake yi wa ba. Ustaz kuwa bai ce uffan ba, kwana da kwanaki yana shiga yana fita da littattafansa, har na ce a raina wannan mutum ba zuciya a ƙirjinsa.

Wata la'asar na fito da buroshi, an turo Kawu gindin bishiya, 'yarsa tana tsaye a bayansa. Sai ƙofar ɗakinmu ta buɗe. Ustaz ya fito ya naɗe hannun riga, ya ɗaure jallabiya a ƙugu yadda Kawu ke yi. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Kawo."

Na ce, "Me?"

"Kawo igiyar, kar ka ɓata mini lokaci."

Ashe duk shekarun nan ta tagar da yake rufewa yana leƙe, don ba abin da aka koya masa. Ya taje karen tun daga wuya, yana yi yana kau da fuska. Ya saƙala igiya can sama kusa da kunnuwa, ya ɗaga hannu, ya ce yalla. Ga Ustaz da gemunsa da siraran ƙafafunsa yana sassarfa yana zagaya lemun tsami, ga tsohon kare a gefensa yana ɗan ɗingishi, kai a sama. Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗi. Suka tsaya a gaban kujerar Kawu. Ustaz ya ɗan yi jim, sannan ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin haɓar Basha, inda yawu ke ɗiga. Basha ya ja ƙafa baya ya tsaya.

Kawu ya ɗaga hannun dama zai tafa, na hagu bai biyo ba. Sai ya riƙa bugun cinyarsa da shi, ɓas, ɓas, ɓas, hawaye na gangarowa ta karkataccen gefen bakinsa. Wutsiyar Basha ta kaɗa.

Ustaz ya ce, "Kawu, ka bi 'yarka. Ina nan gidan har in gama digirina na gaba. Zan riƙe shi."

Bakina bai iya yin shiru ba ko a lokacin. Na ce, "Ustaz, ina hujja? Har yanzu fa ba ya gadi."

Ya harare ni. Ya ce, "Amana ce. Babinta daban." Ya durƙusa ya ɗebi ƙasa a gindin bishiyar, ya tafi famfo ya wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasar, bai rage ko ɗaya ba.

Kawu ya tafi Sudan, ni ma ban daɗe ba na dawo gida. Sauran labarin a waya Ustaz ya ba ni. Ya ce kusan kullum bayan la'asar Kawu sai ya sa 'yarsa ta bugo, a buɗe murya, a ajiye wayar a kan bokiti, in Basha ya tsaya sai a ji bugun cinya daga can. Ya ce wurin da yake ɗibar ƙasar wanke hannu har ya zama ɗan rami. Kafin shekarar ta fita, wata safiya ya tarar Basha ya mutu a bakin tsohuwar ƙofar Kawu, sai ya faɗaɗa ramin nan ya binne shi a ciki.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Ustaz ba ya ƙarya ko ta lallashi, ya faɗa wa Kawu gaskiya. Can sai Kawu ya ce, "Jiya an zagaya da shi?"

"An zagaya, Kawu. Bai iya gudu ba, a hankali muka taka."

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya."

"Ni jiya ban samu layi ba. Wa ya tafa masa?"

Ustaz ya ce, "Ni na tafa."

Kawu ya ce, "To, khalas. Alhamdu lillahi."